An Sauya Inji, Allurar Zafi Na Hawa, Hita Kuma Na Huro Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watanni biyu da suka wuce zafi ya kashe injin motata, aka sauke shi aka ɗora mini wani na hannu. Sabon injin yana ja sosai, amma tun ranar da na karɓo motar hankalina bai kwanta ba. Idan ina gudu a kan babbar hanya allurar zafi tana zama a tsakiya, da zarar na shiga cunkoso kuwa sai ta fara hawa, wani lokaci har ta kusa taɓa ja, sannan ta sauko da kanta. Hita, wadda nake kunnawa da asuba domin share hazon gilashi, iska mai sanyi take hurowa idan motar tana silo, wato tana kunne ban taka totur ba, sai na taka totur take ɗan yin ɗumi. Ina kuma jin motsin ruwa a bayan dashbod kamar ana kurkure baki. Bakaniken da ya yi aikin ya ce a cire tamostat (bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama) a huta, wani kuma ya ce gaskit (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa) ne ya ƙone, a buɗe kan inji. Don Allah wanne zan bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu a yanzu, domin alamomin da ka lissafo sun fi nuna iska ce ta maƙale a hanyar ruwa, wataƙila kuma da matsalar fanka, kuma duka biyun ana gano su ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ta kan inji ba.

Hitar da kake ganin ƙaramar matsala ce, ita ce babbar shaidarka. A bayan dashbod akwai wani ɗan ƙaramin lagireto wanda ruwan inji mai zafi yake ratsawa ta tiyo biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita, iskar da ke bi ta cikinsa ita ce take fito maka da ɗumi. Duk lokacin da aka sauke inji ruwan gaba ɗaya ake zubarwa, idan aka zo cikawa aka antaya shi da gaggawa sai iska ta tsaya a wurare masu tudu, kuma a motoci da yawa wannan ɗan lagireton yana cikin wurare mafiya tudu. A silo famfon ruwa ba ya da ƙarfin da zai ture iskar, shi ya sa kake jin sanyi, idan ka taka totur ruwa ya samu ƙarfi ya kutsa sai ɗumi ya zo. Ƙarar kurkurar da kake ji ruwa ne da iska suke kokawa a cikin tiyo. Irin wannan iskar idan ta je ta lulluɓe sansar zafi (na'urar da ke auna zafin ruwan inji) ko tamostat, allura takan yi ta hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, kamar yadda ka bayyana.

Fitar da iskar aiki ne na haƙuri. A bar inji ya huce sarai, a ajiye motar gabanta ya fi bayanta tudu, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, sannan a riƙa zuba ruwa sannu a hankali ta mazurari. Idan injin yana da ɗan kusar fitar da iska a kusa da gidan tamostat ko a kan tiyo, a sassauta ta har sai ruwa ya fito zara-zara babu kumfa, a ɗaure. Bayan nan a tayar da mota, a riƙa matsa manyan tiyo da hannu, a ɗan riƙe totur inji yana juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a jira har tiyon sama da na ƙasa na lagireto su yi zafi kuma fanka ta tashi ta tsaya kamar sau biyu. Washegari da safe a sake duba ruwan a ƙara. Ina roƙonka kada kai ko wani ya buɗe marfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan da ke ciki yana ƙarƙashin matsi, yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, da an buɗe kuwa sai ya yi tsartuwa ya saɓule fatar hannu da fuska.

Idan an gama wannan, ka kai hannunka kan tiyo biyun nan na hita, a inda suke shiga jikin mota ta bayan inji, ka taɓa su da hattara. In duka biyun suna da zafi amma iska mai sanyi ke fitowa, ruwa na zagayawa lafiya, laifin yana ga ɗan murfin da ke karkatar da iska a cikin dashbod ko wayar da ke jan sa. In ɗaya na da zafi ɗayan kuma ba shi da zafi, ɗan lagireton ya toshe ko bawul ɗin da ke ba shi ruwa bai buɗe ba. In duka biyun da sanyi alhali inji ya ɗau zafi, a bi tiyon da ido daga farko har ƙarshe, domin injin da aka ciro daga wani samfurin ko wata shekarar yakan zo da bakunan ruwa a wuraren da suka bambanta da na tsohon, kuma akwai bakaniken da idan abin ya ɗaure masa kai sai ya toshe bakin da ƙusa, ko ya haɗe tiyo biyun da guntun bututu ya tsallake hitar gaba ɗaya, bai kuma faɗa wa mai mota ba.

Sai fanka, kuma a nan nake so ka fi mayar da hankali, saboda ka ce zafi ne ya kashe tsohon injin. An sauya inji, amma lagireto da fanka da marfi da wayoyi duk na dā ne, ke nan abin da ya kashe na farkon yana iya kasancewa yana nan yana jiran na biyun. Motar da ke zama lafiya a guje ta yi zafi a cunkoso, iska ce ba ta samu, domin a guje iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai aka dogara da ita. A duba fis da rile (makunnin lantarki) na fankar, a duba ko an manta ba a maƙala soket ɗin sansar ba, a kuma tabbatar sansar da ta zo a jikin sabon injin irin wadda kwamfutar motarka ta sani ce. Idan akwai shakka a mayar da ta tsohon injin, in tana da lafiya. A yawancin motoci da an kunna na'urar sanyaya ɗaki fanka take tashi, wannan gwaji ne na minti ɗaya. Na taɓa shan wahalar mako uku da wata mota tawa bayan irin wannan aikin, fanka tana juyawa da ƙara har kowa ya wanke ta daga zargi, sai ranar da na riƙe fallen takarda a gaban lagireto na ga iska tana ture ta waje maimakon ta manne ta a jiki. An juya wayoyin biyu ne wajen haɗawa, fankar tana hura zafin inji gaba. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Ka kuma duba ko an mayar da robar da ke kewaye fankar, domin in babu ita iska ta gefe take zuƙowa, ba ta cikin lagireto ba.

Marfin lagireto ma kada a raina shi. Yawanci an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, wato matsin da yake riƙewa, kuma wannan matsin ne ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Idan robarsa ta tsage ruwa zai tafasa da wuri, kuma yayin da inji ke hucewa sai ya zuƙo iska maimakon ruwan da ke cikin robar ajiya, iskar da aka fitar jiya ta dawo yau. Ruwan kansa ya zama haɗin ruwan sanyaya inji da ruwa, rabi da rabi, tunda zallan ruwa yana cin ƙarfe ya tara tsatsar da ke toshe ƙananan hanyoyi.

Cire tamostat kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, akasari yakan fara buɗewa tsakanin digiri 82 da 90, lambar tana rubuce a jikinsa. Idan aka cire shi inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, cikinsa ya yi saurin cinyewa, hitarka kuma ta ƙara rasa ɗumi. A wasu injunan ma shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, in babu shi wani kaso na ruwan ba zai riƙa zuwa lagireto ba, zafin ya ƙaru. Abin da ya dace shi ne a ciro shi a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko yana buɗewa, ko kuma a sa sabo, tunda injin da ya daɗe a ajiye tamostat ɗinsa yakan ƙage. Wajen sakawa ɓangaren sifirin ya fuskanci inji, ɗan ramin fitar iska kuma, in yana da shi, ya kasance a sama. Famfon ruwa ma a duba shi, da yadda aka zagaya da bel, domin a injin da bel ɗaya ke jan komai kuskuren zagaye yana iya juya famfon baya.

Ban ce gaskit ba zai iya zama sanadin ba, injin hannu ba a san abin da ya gani a baya ba. Amma ana tabbatarwa kafin a buɗe. Akwai wani ruwa shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin kwalba, idan hayaƙin inji yana shiga ruwa sai ya koma rawaya. Akwai famfon da ake matsa hanyar ruwa da shi a ga ko matsin zai sauka. Kai ma da kanka kana iya lura: idan ka tayar da mota da safe tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu tun ruwa bai ɗumama ba, ko kumfa tana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar madara, to zargin ya yi ƙarfi. Haka nan idan an fitar da iska yadda ya kamata, babu yoyo ko'ina, amma bayan kwana biyu ta dawo. In gwajin ya tabbatar, kada ka bari a buɗe injin kafin ka koma wurin wanda ya sayar maka, domin da zarar an kwance kansa zai ce a hannunku ya lalace.

Kafin a kammala binciken ka rage shiga cunkoso, kuma ka riƙa duba ruwa kowace safiya. Idan allura ta fara hawa kana kan hanya, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka buɗe hita da fankarta zuwa ƙarshe domin ta ɗebe wa inji zafi, ka nemi gefen titi. Idan a wannan halin hitar sanyi take hurowa alhali allura tana dosar ja, ruwa ba ya zagayawa ke nan, ka kashe motar nan take ka nemi a ja ta.