Filin Tambaya da Amsa: Zoben Ƙarfen da Ake Iya Ƙara wa Faɗi ko Ragewa

Tambaya: Ni mai walda ne. Wata mai sana'ar koko ta ce in yi mata zoben ƙarfe da zai riƙe ƙyallen tace gasara a bakin bokiti. Bokitanta ba girmansu ɗaya ba, ƙaramin faɗin bakinsa santimita 30, babban 36, kuma zobe ɗaya take so ya yi mata duka. Yaya zan tsara shi? Daga wani makaranci a Gusau.

Amsa: Malam, kafin ka ɗauki injin yanka, ɗauki biro. Inda yawancin masu wannan aiki ke faɗuwa shi ne suna lissafi da faɗi, alhali ƙarfen da za su yanka kewaye yake bi. Kewaye kuwa faɗi ne sau 3.14. Bokiti mai 36 kewayensa santimita 113 ne, mai 30 kuma 94. Ashe ratar santimita 6 da kake gani a faɗi, santimita 19 ce a jikin ƙarfe. Ka yi awon a waje, ƙarƙashin leɓen bokitin, da ƙyallen a kai, domin nan zoben zai zauna.

Kada ka ce noti ɗaya dogo zai cinye wannan rata. Noti mai kaurin milimita 6, wanda sifana lamba 10 ke kamawa, milimita 1 kacal yake tafiya a kowane juyi. Santimita 19 juyi 190 ke nan. Kafin a gama murɗawa gasara ta kwanta. Kuma noti miƙaƙƙe ne, zobe lanƙwasasshe, idan ya yi tsawo lanƙwashewa zai yi. Raba aikin gida biyu: ramuka su ɗauki babban canji, noti ya yi matsewar ƙarshe.

Samo sillen ƙarfe mai faɗin santimita 2.5, kaurinsa milimita 0.8 zuwa 1, ka yanki santimita 121. Ƙarin 8 ɗin nan shi ne harshen da zai shige ƙarƙashin ɗaya bakin, don kada a bar giɓi ko a babban bokiti. A giɓi ƙyalle ke tattarewa, tsaki ya sulale cikin tatacciyar gasara. Daga bakin da zai kwanta ciki, auna santimita 12 ka huda ramin farko mai milimita 6, sannan ka jera bakwai bayansa, tsakanin kowanne santimita 2.5. Kowane rami yana rage faɗin zobe da kusan milimita 8.

Kunnuwa biyu ake bukata waɗanda notin zai ratsa, na ƙarfe mai kaurin milimita 3, a lanƙwasa su a tsaye. Ɗaya a like shi a bakin da ke waje. Ɗayan ba a like shi ba, ƙugiya ake yi masa a ƙasa wadda ke shiga ramin da aka zaɓa, da zarar an murɗa noti jan da kansa ke kulle ta. Noti mai tsawon santimita 6 ya isa, tunda abin da ake nema daga gare shi tafiyar santimita 3 ce, wato ta ɗara tazarar rami da rami. Sa masa kai mai fuka-fuki, mai koko ba za ta riƙa yawo da sifana ba.

A kunnuwan nan ne aiki ke lalacewa, don haka ka natsu. Idan ramin noti ya yi sama, nesa da jikin zobe, matsewa za ta riƙa tunkuɗe kunnen har kawunansu su haɗu, ƙasa kuwa sako-sako. Huda shi kusa da gindi, ka kuma tokare bayan kunnen da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku. Ramin ya kai milimita 8, kada ya matse notin, saboda kunnuwan biyu ba sa fuskantar juna daidai a kan da'ira. Idan babu wurin motsi tiredi, wato zaren jikin notin, ne zai cinye. Ƙara ɗan madauki kamar na bel wanda zai hana harshen zamewa gefe.

Kauri ba ƙarfi ba ne a nan. Da ka ninka kauri, ka ninka wahalar da ƙarfen ke sha duk lokacin da aka buɗe ko aka tsuke shi, mai milimita 3 kuma ba zai bi jikin bokiti ba, bokitin roba ne zai bi shi ya karkace. Lanƙwasa sillen a tsakiyar awon, wato faɗin santimita 33, a jikin abin da bai kai haka ba, domin ƙarfe yana ɗan komawa idan aka sake shi.

Gasara tana da tsami, kullum kuma cikin ruwa, baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ɓata ƙyalle. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304 ya fi, sai dai notinsa kan cije idan aka murɗa a bushe. Ɗigon man gyaɗa ya wadatar. Kada ka yi walda a kan ƙarfe mai rufin zinki, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Goge gefuna da magagari har yatsa ya bi ba ƙarzuwa.

Tambaya: Kilif ɗin tiyon injin ban-ruwana na matse shi har ƙarshe, amma ruwa na tsartuwa. Me ya jawo? Daga wani manomin rani a Kura.

Amsa: Irin wannan kilif mai sukuru, kowanne da iyakar awonsa a buge a jikinsa, misali milimita 50 zuwa 70. Idan ka sa babba a ƙaramin tiyo, gidan sukurun ba ya lanƙwasa ya bi da'irar, sai ya bar kafa a ƙarƙashinsa, ta nan ruwan ke fita. Sayi wanda faɗin tiyonka ya faɗa tsakiyar awonsa. A ɓangaren da ke tura ruwa sa guda biyu, sukurun ɗaya a sama, na ɗayan a ƙasa, ka sake matse su bayan injin ya yi aikin yini, domin roba na lotsawa.