Amsa ga Salisu: sunan wa za a sa gaba a takardar Kanada?

Salisu ɗana, assalamu alaikum.

Saƙonka ya same ni tun daren Talata, na ƙi amsawa sai yau don ban so in ba ka amsar tsaye. Idona ba ya jure karatu a waya, saboda haka na aiki Ummi wani shago a nan Samaru ta bugo mini takardun da ka turo, na zauna da su kwana biyu. Na kuma kira yayanka na Kalgari, can Kanada, muka yi kusan awa guda muna magana, har Hajiya ta leƙo tana tambaya ko katin waya kyauta ake rabawa yanzu.

Abin da na fahimta shi ne, kai da Hauwa kuna son neman izinin zama na dindindin a Kanada ta hanyar ƙwararrun ma'aikata. Dole ɗayanku ya tsaya a matsayin mai nema, ɗayan a rubuta shi mai rakiya. Lissafi ya nuna ita ya kamata ta shige gaba. 'Yan majalisarku na Tudun Wada sun ji, sun ce ashe matarka za ta saka ka a jaka ta tafi da kai, har wani ya fara kiranka mijin Hajiya. Shi ne kake tambayata ko al'adarmu ta yarda namiji ya bi bayan mace, ko da a takarda ne.

Bari mu fara da lissafin, tunda shi ya jawo maganar. Tsarin da suke kira Express Entry sun fara shi ne a watan Janairun 2015, kuma maki ake tarawa, iyakarsa 1,200. Na duba jadawalin shekaru na masu aure. Daga shekara 20 zuwa 29 mutum na samun maki 100. Da ya cika 30 sai ya koma 95, daga nan biyar-biyar yake zubewa duk shekara, bayan 40 kuma goma-goma, a 45 babu ko ɗaya. Kai shekarunka 38, makinka 55. Hauwa tana da 28, nata 100. Tazarar maki 45 ke nan tun ba a buɗe jakar kowa ba. Digirinku ɗaya, duka na farko daga ABU, kowa 112. Na san abin da ke ranka: shekara goma sha biyu kana aikin akanta, ita kuwa huɗu kacal ta yi tana aikin jinya a asibitin koyarwa na Shika. To, a wurinsu aikin da aka yi a wajen Kanada da ya kai shekara uku ya cika mudu. Goma sha biyunka da huɗunta duk ɗaya suke a ma'auninsu. Sannan tun 2023 suka fara ware wasu sana'o'i suna ɗibar mutane daban, ma'aikatan lafiya na ciki. Ko ni da na yi shekara talatin ina koyar da tarihi, ba lissafi ba, na ga inda sikelin ya rinjaya.

Kai ma ba hannu rabbana za ka tafi ba. Mai rakiya yana iya ƙara wa mai nema har maki 40: goma na ilimi, ashirin na harshe, goma na aiki a cikin Kanada. Digirinka zai ba ta 8 idan an tantance shi. Jarrabawar Turanci ta IELTS ɗin da kake wa kallon ta Hauwa ce, idan ka zauna ka ci ta da kyau za ka iya kawo 20. Yayanka ya ce mutane na rasa gayyatar neman izinin a kan maki biyu ko uku. Don haka rage zaman majalisa ka ɗauki littafi.

Yanzu ga al'adar da ka tambaya.

Kakan mahaifinka bafatake ne, ya yi zirga-zirgar goro tsakanin Zazzau da Gwanja. Na taras da tsofaffin da suka yi tafiya da irinsu, na kuma ji yadda ake tsara ayari. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, shi ke yanke magana, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan fito. Akwai kuma jagaba, wanda ke shigewa gaba saboda ya san hanya, ya san mashigin kogi, ya san zangon da ke da ruwa. Sau da yawa jagaba bai kai madugu shekaru ba, bai kai shi dukiya ba. Ban taɓa jin an ce madugu ya zubar da girmansa don jagaba ya riga shi isa zango ba. Wanda ake yi wa dariya shi ne madugun da ya ce lallai sai shi a gaba, ya kai jakuna cikin laka. Mutanen da suka yi wata da watanni a hanyar Salaga sun san cewa wanda hanya ta fi buɗe wa shi ake turawa. Wannan ita ce al'adar da na gada a kan tafiya, kuma ta girmi majalisarku.

Ta fuskar addini ni ba malami ba ne, ka je ka tambayi malamanka na cikin birni. Amma abin da kowane ɗalibi ya sani ba ya ɓuya. Ayar da abokanka za su jawo maka ita ce ta 34 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce maza su ne masu tsayuwa a kan al'amuran mata. Ka karanta ta har ƙarshen jimlar, za ka ga an ɗaure tsayuwar da ciyarwa. Nauyi aka ɗora maka: ci, sha, sutura, muhalli, kariya. Babu jami'in shige da fice da zai sauke maka wannan nauyin, babu kuma fom ɗin da zai ɗora wa Hauwa shi. Nana Khadija ita ce mai dukiyar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kai Sham fatauci tun kafin aurensu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud tana sana'ar hannu, ta tambaya ko za ta iya ba mijinta sadaka, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Maganar muharrami kuwa ba ta ma taso ba, tunda tare za ku tafi. A dokarsu mai rakiya ba ya riga mai nema shiga ƙasar, ko dai ku sauka tare ko ita ta fara sauka. Ni shawarata jirgi ɗaya.

Akwai abin da na so ka bambance, don na ga a saƙonka ka haɗa Kanada da Ingila kamar abu ɗaya ne. A Kanada, ranar da kuka sauka kowannenku zai samu izinin zamansa na kansa. Katinka daban, nata daban, daraja ɗaya. Kalmar mai nema da mai rakiya ta ƙare a filin jirgi. Idan mutum ya cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar yana iya neman zama ɗan ƙasa, ba tare da an tambayi sunan wa aka fara rubutawa ba. Ingila ba haka take ba. A can bizar aiki a ɗaure take da wanda ya ɗauki ma'aikaci, bizar mai rakiya kuma a ɗaure da ta ma'aikacin. Idan aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara, iyalinsa kuma su bi shi. Idan auren ya mutu, zaman mai rakiya ya shiga garari. Tun watan Maris na 2024 ma sun hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, ko da yake nas-nas ba sa cikin wannan hanin. Abin dariyar shi ne a can mai rakiya ya fi sakewa wajen neman aiki, yana iya yin kusan kowane iri, mai bizar kuwa yana tsaye inda aka ɗaure shi. Da Ingila kuka nufa da na ce ku ƙara zama ku yi tunani, saboda a can raƙumi da akala ne na gaske, kuma shekaru ake yi a haka.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. A 1979 na tafi Ingila ƙarin karatu, Hajiya ta biyo ni bayan wata shida da goyon yayanka. Tana da takardar malanta mai daraja ta biyu, tana koyarwa a firamare kafin mu tafi, yara na sonta. Shekara uku ta yi a ɗaki ɗaya mai sanyi, ba ta san kowa ba, ni kuma ina laburare daga safe har dare. In na dawo in tarar da tuwo, in ci, in kwanta. Ko sau ɗaya ban tambaye ta yadda ta wuni ba, don a ganina ai ni na kawo ta, me kuma ya rage? Babu wanda ya kira ta da wani suna a majalisa, babu wanda ya rubuta wa baffansa wasiƙa a kanta. Sai bayan shekara ashirin, muna hira a tsakar gida, ta ce mini a shekarun nan uku ta fi kuka fiye da duk sauran rayuwarta. Na rasa abin cewa. Kujerar da kake gudun zama a kai, matanmu sun daɗe a kanta ba wanda ya ce uffan.

Kuma ka shirya, don za ka ɗanɗana wani abu daga ciki. Izinin zama daban, lasisin aiki daban. Hauwa ba za ta sauka yau ta sa farin kaya gobe ba. Sai an tantance takardunta na jinya, ta rubuta jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, hukumar lardin da kuka zauna ta yi mata rajista, kuma abin yana ɗaukar lokaci da kuɗi. A tsakanin nan wataƙila kai za ka riƙe gidan da aikin sito ko tuƙi, kai da kake da ofis da masinja a nan. Bayan ta samu lasisi kuma abin ya juya, albashinta ya fi naka, ta yi aikin dare, kai ka yi wa su Abba wanka ka kai su makaranta cikin ƙanƙara. A nan ne ake gane namiji. Na ga waɗanda suka tafi lafiya, da matar ta fara kawo kuɗi sai mijin ya koma ɗan sanda, yana bincikar waya yana ƙirga mintoci. Na ga kuma matan da suka mayar da takarda sanda, kowace gardama sai an ce ai ni na kawo ka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana farawa ne tun a nan gida, daga maganar da aka ƙi yi.

Saboda haka ku zauna ku biyu, ba yara, ba waya, ku yi maganar kuɗi ƙarara. Dukiyar mace tata ce a shari'a, abin da ta sa a gida kyautatawa ce. Ku yanke wa zai biya haya, nawa za a riƙa aikowa Kwarbai wurin mahaifiyarka, nawa za a aika wa nata iyayen. Kuɗin da za ku nuna a banki, idan filinka na Dakace za ka sayar, ko gwal ɗinta za a sa, a rubuta a sa shaidu. Rubuta bashi umarni ne a Baƙara, aya ta 282, kuma ba a cire ma'aurata ba.

Sai gaskiya a fom. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka rubuta 'yarka ta wurin matarka ta farko, ko da a hannun kakarta za ta zauna, domin ɗan da ba a bayyana ba yana iya rasa damar a ɗauke shi daga baya. Duk ejan ɗin da ya ce zai rage maka shekaru ko ya ƙera wa Hauwa takardar aiki, tashi ka bar ofishinsa. Hukuncin ƙarya a wurinsu haramcin shekara biyar ne, kuma tunda ita ce mai nema, sunanta ne zai ɓaci. Dokokin nan suna sauyawa, ko a watan Maris na 2025 sun cire makin da ake ba mai tayin aiki, don haka ku riƙa duba shafin gwamnatinsu da kanku. Wata magana kuma da na san ba ka yi wa Hauwa ba: Kanada mace ɗaya ta sani, auren fiye da ɗaya laifi ne a dokarsu. Idan kana da wani buri a zuci, ka san da wannan tun yanzu.

Inda al'ada ta kama ka da gaske, kuma ban ga ka ambata ba, shi ne gidan surukanka. Amana suka ba ka a Ƙofar Gayan, a gaban shaidu, ni na karɓa maka aure. Ba daidai ba ne Malam ya ji a bakin mutane cewa 'yarsa za ta ƙetare teku, balle a ce masa ita ce ma ta ja mijin. Kai za ka je ka durƙusa ka faɗa masa da bakinka cewa shawararka ce, ka duba ka ga hanyar ta fi buɗewa ta sunanta, kuma ciyarwa da kulawa suna wuyanka a can kamar yadda suke a nan. Haka za ka yi wa mahaifiyarka, kuma ita za ka fara yi wa. Kada ka bari Hauwa ta kai mata labarin, in ba haka ba har abada za a ce ta raba ta da ɗanta. 'Yan majalisa kuwa ba sa bin ka bayani. Rabinsu in ka samu biza su za su fara turo maka takardunsu.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina gida. Ku zo tare, ku taho da sakamakon jarrabawar IELTS ɗin Hauwa in gani, don an ce shekara biyu kawai yake aiki, kada ya mutu kuna tsaye kuna gardama. Daga nan sai mu sa ranar zuwa Ƙofar Gayan, ni zan raka ka. Hajiya ta ce a gaya wa Hauwa ta zo da yaran, akwai maganar da take son yi da ita su biyu.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka,
Samaru, Zariya