Muzuruna yana ta tsugunno amma fitsari ya ƙi fita

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, don Allah muzuruna ne tun jiya da la'asar yake ta zarya kan yashin da yake bayan gida, ya tsuguna ya yi ta nishi amma ba abin da ke fita sai ɗan ɗigo, yana kuka yana lasar gabansa, yau ko kifi bai kalla ba. Maƙwabciyata ta ce kashi ne ya ƙi fita, wai in ɓalla masa rabin Panadol in bari sai Litinin. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki jira Litinin, yau ɗin nan za ki kai shi. Alamun da kika lissafo sun fi kama da toshewar hanyar fitsari, kuma muzuru ta fi kamawa ba macen ba saboda hanyarsa siririya ce, ɗan tsakin da ke taruwa a mafitsara kaɗai ya isa ya toshe ta. To da ta toshe fitsari ba inda zai bi, ƙoda ta tsaya da aiki, sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya taɓa bugun zuciya, cikin kwana biyu zuwa uku sai ki ji labari ya canza. In kin shafa ƙasan cikinsa a hankali kika ji wani abu tauri kamar lemon zaƙi mafitsarar ce ta cika, kar ki matsa don tana iya fashewa. Ki naɗe shi da tawul ki sa a kwali mai huji, ai kin ma yi sa'a ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU nan Samaru, za su yi masa allurar barci su zura roba fitsarin ya fita sannan a ɗaura masa ruwa.

Batun Panadol kuwa wallahi shi ya fi tada min hankali. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol ɗin da ke cikin Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa amma dai kar ki fara.

Tunda an zo wajen bari in ƙara wa sauran masu karatu. Mage in ta buɗe baki tana haki wannan ba gajiya ba ce, kare ne aka sani da haki, ita kam a ruga da ita. Haka in ka ɗaga leɓe ka ga dasashi ya yi fari fat. Sai guba, wadda ita muka fi fama da ita a gidajenmu, fiya-fiya da maganin ɓera, dabba ta kama dalalar da miyau tana karkarwa, nan da nan sai a ɗura mata manja ko madara, alhali ɗuren ma yana iya sarƙe ta ya wuce huhu, gara ka ɗauki kwalbar ka tafi da ita likita ya san me zai bayar. Wani maganin ɓeran ma sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini zai fara zuba, don haka ganin ta garau yau ba hujja ba ce. Ɗan kwikwiyo mai amai da gudawar jini shi ma ba a kwana da shi.

Amai sau ɗaya kuma dabba tana cin abincinta tana wasa, wannan a sa ido zuwa gobe ba komai.

Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana zubar da miyau yana kai cizo, kar wanda ya sa hannu a bakinsa wai neman ƙashi, a rufe shi a kira likitan dabbobi. Wanda ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya wuce asibiti a ranar, a fara masa allurar haukan kare.