Amsa ga mai tambaya kan Turawan Ingila masu komawa gida saboda shayi

Salam 'yan uwa. Malam ka tambaya wai da gaske ne Bature ɗan Ingila zai kwashi iyalinsa ya koma Ostireliya ko Sifen da zama, ya yi shekaru, sannan ya tattaro nasa ya nasa ya dawo gida don kawai bai samu irin shayin da ya saba ba, ko kuwa tsokanarsu ake yi. To ni a Ingila nake zaune, aikin jinya nake a wani asibiti a arewacin ƙasar, kuma nas-nas da likitoci suna cikin waɗanda suka fi yin wannan kai-komo don Ostireliya hannu bibbiyu take karɓarsu, albashi ma ya fi tsoka. Saboda haka da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba. Da gaske ne suna faɗa. Amma fa ba kullum ne abin da bakin ya faɗa yake shi ne abin da ya dawo da mutum ba.

Bari in fara da abin da suke faɗa ɗin. Akwai wata da muke aikin dare tare, daga birnin Perth na Ostireliya ta dawo, gida mai wurin wanka ta bari a can ta zo ta kama ɗan tsukukun gida a nan. Na ce mata me ya yi zafi haka, sai ta ce wallahi cakulan ɗin can ba daɗi, kuma Kirsimeti cikin zafi ba Kirsimeti ba ce. Can ai Disamba tsakiyar zafi ne, ana gasa nama a bakin teku, ita kuwa so take ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, sanyi na kaɗawa, a kunna 'yan fitilu a taga, a saka rigar sanyi mai hoton barewa. Wani kuma ƙwallo ce damuwarsa, wasan Firimiya da ake takawa ƙarfe 3 na yammacin Asabar shi a Sydney ƙarfe 2 na dare yake kama shi a watannin Disamba da Janairu, ya zauna shi kaɗai a falo ya rage murya kar yara su tashi, in an ci ƙwallo ba wanda zai yi wa ihu. Na ji mai cewa Greggs, wani shagon burodi da fanke, ya yi kewa, na ji mai cewa kamfai na kantin Marks & Spencer, na ji mai cewa Marmite, wani baƙin abu mai gishiri da suke shafa wa burodi, duk da can ma suna da nasu Vegemite amma wai ba ɗaya ba ne. Sai ƙudaje da gizo-gizo. Akwai wani ƙaton gizo-gizo a can mai son ɓuya a cikin mota, wata ta ce ranar da ta sauke abin kare rana na gaban direba ya faɗo mata a cinya, ranar ta fara duba kuɗin jirgi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai kewar ruwan sama, mutumin da saboda ruwan saman ya gudu tun farko, wai ya gaji da buɗe labule kullum ya ga sama wasai.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1945 Ostireliya ta fito da tsarin da Bature zai biya fam 10 kacal a kai shi a jirgin ruwa, fiye da mutum miliyan 1 suka tafi ta wannan hanya, da sharaɗin in ka koma kafin shekara 2 sai ka biya cikakken kuɗin jirgin. Duk da haka an ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun koma, cikinsu ma wasu suka sake juyowa. Har yau 'yan Ostireliya na yi musu ba'a cewa ba su da aiki sai ƙorafi.

To ga abin da na lura da shi. Baturen Ingila ba ya son ya zauna ya ce maka na kasa, ko kaɗaici ya dame ni, ko kuɗi sun ƙare. Komai sai ya maida shi raha, haka tarbiyyarsu take. Ita mai cakulan ɗin nan sai da muka saba sosai, wani dare muna ɗakin hutu wajen ƙarfe 3 tana jujjuya cokali a kofi, ta ce mahaifiyarta ce ta faɗi a banɗaki ta kwana a ƙasa sai da safe maƙwabciya ta gan ta, ita kuma tana can ƙarshen duniya. Daga Perth zuwa Landan ko jirgin da ba ya tsayawa a hanya, wanda aka fara a 2018, kusan awa 17 yake yi, in daga Sydney ne kuwa kwana guda ne cur a hanya, ga kuɗin tikitin mutum huɗu. Ta ce in ta ce cakulan mutane dariya za su yi a wuce wurin, in ta faɗi gaskiya sai an fara yi mata kallon tausayi, ita kuma ba ta so.

Tsofaffi kuma akwai maganar fansho. Wanda ya koma Ostireliya ko Kanada ko New Zealand da zama, fanshon gwamnatin Birtaniya tsayawa yake a inda yake, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa na gida, kaya na tsada kuɗinka na nan yadda suke. Na Sifen su kuma tun Janairun 2021 bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wanda bai da takardar zama kwana 90 kawai zai yi cikin 180. Sannan da yawansu za su yi shekaru a Benidorm ko Costa del Sol ba su iya yaren ba sai na sayen giya da burodi, to ranar da miji ya rasu ko ciwo ya kama, matar ta tsinci kanta a asibiti tana magana da hannu, sai ka ga ta dawo, ka tambaye ta ta ce ai gashin naman ranar Lahadi ta yi kewa.

Ni dai na daina raina ƙananan dalilan ma, tunda mu da muke yi musu dariya akwatunanmu cike suke da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa duk lokacin da muka dawo daga gida. Mashayarsu ta unguwa da suke yawan ambata, ba giyar ba ce kawai, wurin da za ka taka da ƙafa ka tarar da wanda kuka yi firamare tare ne, ya yi maka ba'ar da ku kaɗai kuka gane. A sababbin unguwannin can kuwa komai sai da mota, kowa ya shige gareji ya rufe.

Amma akwai waɗanda da gaske abin banzan ne ya dawo da su, ba komai a ƙarƙashi, kuma su ne ba sa daɗewa. Wani mai ɗaukar hoton ƙashi a wurinmu ya sayar da gida a Ostireliya, ya biya kwantena ta kaya, ya biya jirgin kare, ya sauka a watan Nuwamba yana ta murna da kifi da soyayyen dankali. Kafin Fabrairu ya fara kuka da kuɗin gas da duhun safe da layin ganin likita, yaransa kuma da suka tashi a can su ke kewar teku yanzu. Bai cika shekara biyu ba ya sake kiran masu kwantena, karen ma sai da aka killace shi a Melbourne kafin a ba shi abinsa.