Nas ce ke son tashi daga garin da take a Ingila: Landan, Manchesta ko Glasgo?

Wannan saƙon ya shigo min tun makon jiya, na ɗan taƙaita shi: "Anti barka da ƙoƙari. Ni nas ce, shekarata biyu da wata huɗu a wani ɗan ƙaramin gari bakin teku a kudancin Ingila, ina kan bizar ma'aikatan lafiya, har yanzu Band 5 nake (matakin farko na albashin nas). Maigida da yara biyu sun iso bara, babban shekararsa 7, ƙaramar 3. Wallahi kaɗaici ya ishe mu, shi kuma maigida ya rasa aikin kirki a nan. Na yi intabiyu wuri uku, Landan da Manchesta da Glasgo, duk sun ce za su ɗauke ni. Ƙawayena sun dage wai Landan saboda alawus. Anti wanne zan zaɓa?"

Toh ƙanwata, da farko barka, samun ofa uku a wannan lokacin ba ƙaramin abu ba ne, don ɗaukar aikin yanzu ba kamar na 2022 ba ne da asibitoci ke rububin mutane. Amma kin rubuto min sunan garuruwa uku ba ki faɗa min sunan asibiti ko ɗaya ba, kuma nan ne zan fara tsare ki, saboda bizarki ba ta san wani gari ba, wanda ya ɗauki nauyinki kawai ta sani. Lambarki ta NMC, hukumar rajistar nas-nas, tana aiki ko'ina, Ingila, Sikotland, Wels, Ayalan ta Arewa, ba wata jarabawa da za ki sake, OSCE, jarabawar gwajin aiki ta samun rajista, kam an wuce wurin har abada. Biza ce ke ɗaure da mai aiki. In za ki canza asibiti dole sabon wurin ya ba ki sabuwar CoS, wato shaidar cewa ya ɗauki nauyinki, ki cika sabuwar buƙata ta sabunta biza, kuma ba ki da izinin fara aiki a can sai amsa ta fito. Ana iya nema tun saura wata 3 ranar fara aikin, kuma kina ci gaba da zuwa dutinki na tsohon wuri kafin nan. Don Allah kar ki saki reshe ki kama ganye, kar ki miƙa takardar barin aiki don kawai wata manaja ta kira ki a waya tana ta murna, a bari sai ofa a rubuce ta zo wadda ba sharaɗi a kanta da lambar CoS a hannu. Wanda aikinsa ya yanke ba shi da wani mai ɗaukar nauyi, kwana 60 akan rage masa, kuma kwana 60 da yara biyu a ƙasar mutane kamar ƙiftawar ido ne.

Wani abu da mutane ke mantawa, daga ranar da kika tura buƙatar har amsa ta fito ba fita daga ƙasar, in kika hau jirgi zuwa gida buƙatar ta mutu. Yawanci mako 3 ne amsar, amma ki duba in akwai biki ko wata hidima ta dole a gida kusa, ki jera abin yadda ba za su yi karo ba. Bizar maigida da ta yara kuma ba ta canzawa da kanta, tana nan har ranar da aka rubuta mata tun farko, sai ki rubuta ranakun a inda ido zai riƙa gani don taki da tasu za su iya bambanta yanzu.

Kafin ma wannan, ɗauko kwantiraginki na farko ki karanta wurin da ke maganar mayar da kuɗi. Asibitoci da yawa da suka ɗauko mu daga waje sun biya kuɗin jirgi da jarabawa da masaukin farko, sai su sa sharaɗin in kin tafi kafin shekara biyu ko uku za ki biya wani kaso. Ƙa'idar ɗauko ma'aikatan lafiya daga waje ta ce kuɗin ya riƙa raguwa da tafiyar lokaci kuma a bayyana shi a fili, to ke da kike shekara biyu da wata huɗu, in naki na shekara uku ne ki tambayi ofishin ma'aikata a rubuce nawa ya rage, wataƙila haƙurin wata 8 ya fi miki, wataƙila kuma abin da ya rage bai kai ya tsayar da ke ba. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago, RCN ko UNISON, ki tura musu su duba miki, ai don irin wannan ranar kike biyan kuɗin wata.

Yanzu zancen ƙawayenki da alawus. Gaskiya ne akwai shi, kashi 20 cikin ɗari na albashi a tsakiyar Landan, kashi 15 a gefenta, kashi 5 a garuruwan da ke kewaye, kowanne da ƙasa da saman da aka ƙayyade, kuma inda asibitin yake ake dubawa ba inda kike kwana ba. Mu yi lissafi. A tsarin 2025/26 farkon Band 5 a Ingila fam 31,049 ne a shekara, kashi 20 ɗinsa wajen fam 6,200 ke nan, a raba 12 ɗari biyar da 'yan kai, a cire haraji da inshorar ƙasa da fansho, abin da zai shigo asusunki bai kai fam 400 a wata ba. Toh ki buɗe Rightmove, shafin neman gidan haya, yanzu-yanzu ki duba gida mai ɗaki biyu kusa da asibitin Landan ɗin, ki duba irinsa kusa da na Manchesta da na Glasgo, in bambancin hayar bai haɗiye ɗari huɗun nan har ya nemi ƙari ba ki dawo ki ce Anti ta yi ƙarya. Ƙawayen naki inaga yawancinsu ɗaki ɗaya suke haya a gidan haɗaka ko masaukin asibiti, su kam lissafin yana iya fita, ke kuwa mutum huɗu ne. Wasu sai su ce a zauna can nesa a riƙa shigowa da jirgin ƙasa, eh ana yi, amma kuɗin jirgin ma haya ce ta biyu, ga awa ɗaya da rabi a hanya bayan kin tsaya awa 12 a kan ƙafa.

Wannan maganar hanya ita ce na fi so ki zauna a kanta, don ni ta taɓa cin ƙaniyata. Lokacin da na yi nawa tashin na samu gida mai kyau mai sauƙi, na duba taswira na ga minti 25 ne a bas zuwa asibiti, na sa hannu ina ta murna, ashe da rana tsakiyar mako na duba. Ranar Lahadi ta farko da aka sa ni dutin safe, karɓar aiki ƙarfe 7, sai na tarar bas ɗin farko ba ya fitowa sai bayan 8. Shekara guda ina biyan tasi duk Lahadi da ranar hutu, kuma kin san ranakun nan su ne masu kuɗi a wurinmu, ƙarin kashi 30 na dare da Asabar, kashi 60 na Lahadi, to ni nawa ƙarin direbobi ne suka ci. Don haka in za ki gwada gida da asibiti ki sa wayar ta nuna miki 6 na safiyar Lahadi da 8 na daren Asabar a watan Disamba. Kuma lasisin tuƙi na Najeriya wata 12 kawai yake yi daga zuwanki, ba ya cikin waɗanda ake musanyawa, naki ya daɗe da ƙarewa, na maigida ma in bai ƙare ba yana dab, sai an yi jarabawar nan daga farko. In har ba wanda ya ci a cikinku, garin da ke da bas da tiram ko jirgin ƙasa na kirki ya riga ya samu maki babba.

Sannan ki tambaye su ƙarara wane asibiti ne kuma wane sashe. Sunan da ke kan ofa sau da yawa na hukumar ne, ba na ginin ba. Babbar hukumar NHS (tsarin asibitocin gwamnati) ta Manchesta kaɗai asibiti 10 take riƙe da su, wani a tsakiyar gari wani can Wythenshawe wajen filin jirgi, Barts Health a Landan 5 gare ta, ta Glasgo kuwa har garuruwan gefen kogin Clyde ta haɗa. Mutum sai ya kama haya kusa da wanda ya gani a hoto a tura shi wani. Ki kuma tambayi manajar sashen mara lafiya nawa nas ɗaya ke riƙewa da dare, mutum nawa suka bar sashen a shekarar nan, ana barin mutum ya zaɓi ranakun dutinsa ko sai yadda aka ga dama, da nas nawa da suka zo daga waje suka hau Band 6, matakin da ke gaba da naki, a wurinta. Yadda za ta amsa wannan ta ƙarshen ma kawai ya ishe ki karatu. Rahoton CQC, hukumar da ke duba ingancin asibitocin Ingila, yana intanet kyauta, ki leƙa, amma mutum ɗaya da ke aiki a sashen da zai gaya miki gaskiya a waya ya fi shi amfani.

Yara. Kin san bizarmu ba ta ba mu damar taɓa kuɗin tallafin gwamnati, saboda haka awa 30 ɗin renon da abokan aikinki 'yan ƙasa ke samu a Ingila ke ba ki ciki, awa 15 a mako na 'yan shekara 3 da 4 ne naki, na mako 38, wato awa 570 a shekara. A Sikotland kowane yaro mai wannan shekarun awa 1,140 yake samu, ninki biyu cif. Ga mai 'yar shekara 3 da miji mai neman aiki wannan ba abin rainawa ba ne. Albashin nas a can ma ya ɗan ɗara na Ingila, sai dai harajinsu daban ne, a duba abin da ke saura ba abin da ke kan takarda ba. Sai sanyi da ruwa da duhu, a Disamba kafin 4 na yamma rana ta faɗi a Glasgo, ki shiga aiki da duhu ki fito da duhu, wasu ko a jikinsu, wasu kuwa yana taɓa musu zuciya sosai, ke da kika riga kika ce kaɗaici na damunku ki auna wannan da kyau. Makarantar babban kuma adireshi ke bayarwa, ki kira karamar hukumar wurin ki ji ko akwai gurbi a ajinsa kafin ki biya dipozit, kuma a Sikotland tsakiyar Agusta suke komawa ba Satumba ba.

Zancen mutane, kar a ce miki wai garin kaza akwai namu da yawa ki ɗauka an gama. Yawan mutane a gari daban, wadda za ki buga wa waya 5 na asuba ki ce ƙaramar ba lafiya maigida yana aikin dare zo ki zauna min daban. Ki ƙirga irin waɗannan a kowane gari da sunansu, in guda biyu gare ki a Manchesta ba ki da ko ɗaya a Landan to Manchesta ta fi cika a wurinki. Shi ma maigida a zaunar da shi a tambaye shi wane aiki yake nema takamaimai, ya duba tallan aikin a garuruwan uku da kansa, don tashin nan rabinsa dominsa ake yi, in aka je can ma ya zauna a gida an dai canza adireshi ne kawai.

Ta fuskar gida Landan ce ke da gaba, wannan ba musu. Jirgin da ke zuwa Abuja ko Legas kai tsaye daga can yake tashi, ofishin jakadancinmu ma can yake in fasfo ya ƙare. Amma sau nawa kike zuwa a shekara? Daga Manchesta awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa zuwa Landan, kuma filin jirginta yana da masu bi ta Doha ko Istambul ko Adis Ababa, daga Glasgo zuwa Landan kuwa wajen awa huɗu da rabi ne a jirgin ƙasa. In akwai tsoho ko tsohuwa da jiki ya yi rauni wanda kowane lokaci za a iya kira a ce taho, wannan ya canza lissafi, ke kika san halin da ake ciki. Ki dai riƙe cewa don takardar zaman dindindin ba a so ki wuce kwana 180 a waje cikin kowane wata 12. Canza asibiti ba ya mayar da ƙirgen shekarunki baya, biyu da wata huɗun nan suna nan, amma tun Mayun 2025 gwamnati ta fito da niyyar tsawaita shekara 5 ɗin zuwa 10 ga mutane da yawa, don haka ki karanta abin da ke shafin gwamnati a ranar da za ki nema, kar ki dogara da abin da ake turawa a WhatsApp. Kuma ki yi ƙoƙari daga NHS ki faɗa NHS ba tare da dogon gibi ba, matakin albashinki da shekarun da ake ƙirga miki na hutu da haƙƙin hutun haihuwa su biyo ki, gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa ko ya fi biya a awa ba zai ba ki waɗannan ba.

In ni ce ke da yara biyu da albashi ɗaya, Landan na cire ta, sai fa in maigida ya samu aiki a rubuce a can ko asibitin zai ba ku gidan iyali. Tsakanin sauran biyun zuciyata ta fi karkata Manchesta saboda aikin maigida da sauƙin hanya, amma in kina da ko mutum ɗaya na amana a Glasgo awannin renon nan za su iya rinjaya. Zuwa da kai ya fi aike, ki ɗauki hutun kwana biyu ku je ke da shi, ku kwana a unguwar da kuke tunanin kamawa, da asuba ki hau bas ɗin zuwa ƙofar asibitin kina duba agogo. In kin dawo ki turo min sunan asibitocin uku da abin da kwantiraginki ya ce kan mayar da kuɗi, sai mu sake zama a kai.