Injin kwashe dusar ƙanƙara mai batir: yarona yana sa hannu idan ya toshe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wannan ne hunturunmu na uku a Kalgari, Kanada. Maigidana yana fama da hawan jini, likita ya hana shi kwasar dusar ƙanƙara da shebur, shi ya sa na sayi ƙaramin inji mai batir, faɗin bakinsa inci 21. Makon jiya da aka yi dusa mai nauyi ya toshe sau uku, sai na hango ɗana mai shekara 14 ta taga yana zura hannu yana ciro abin da ya cushe. Na yi magana a zauren WhatsApp na matan unguwa, wasu suka ce na lantarki ba ya cin hannu tunda farfelarsa roba ce, wasu suka ce batirin ne abin tsoro don yana fashewa a gareji, wata kuma ta ce asarar kuɗi na yi, na fetur ne inji. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Kin yi daidai da kika raba shi da shebur, kar ki bari kowa ya sa ki nadama. Wani bincike da aka yi a lardin Kebek, aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 2017, ya nuna ciwon bugun zuciya yana ƙaruwa a tsakanin maza washegarin da aka zuba dusa mai yawa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, mutum kuma yana ta ɗaga kaya mai nauyi yana riƙe numfashi. Kuɗinki bai faɗi ba.

Ita kuma mai cewa na fetur ne inji, a bar ta da ra'ayinta. Dusar Kalgari galibi busasshiya ce, mara nauyi, kamar garin da aka tankaɗe. Ƙaramin inji irin naki yana cinye inci shida zuwa takwas na irinta ba tare da ya yi nishi ba. Gaban garejin mota biyu da hanyar ƙafa ta bakin gida, caji ɗaya ya kan isa. Ba canjin mai, ba jan igiya da asuba a sanyi ashirin ƙasa da sifili, ba hayaƙin da ke kashe mutane idan an tada inji a rufaffen gareji. Inda yake gazawa shi ne jiƙaƙƙiyar dusar Maris da Afrilu, da wadda iskar cinuk, iska mai ɗumi da ke saukowa daga duwatsu, ta narkar da rana ta sake daskarewa da dare, da tudun da motar share titi ke turowa bakin ƙofa idan gidanku na kan babbar hanya. Waɗannan su ne ke toshe shi, kuma a nan ne maganar da ta fi damuna take.

Ki kira yaron nan yau, ba gobe ba, ki gaya masa hannunsa kar ya sake shiga cikin injin nan. Ko ta baki, ko ta maƙogwaron da ke feso dusar. Ko an kashe shi, ko ba a kashe ba.

Shekaru nake gyaran ƙananan injuna a garin nan, kuma babu maganar da na gaji da jinta kamar "ai na lantarki ne". Mutane sun ɗauke shi kamar injin share darduma. Na fetur yana ruri, yana wari, yana girgiza, ko wawa ya gan shi zai ja da baya. Na batir kuwa da ka saki mariƙi sai ya yi tsit, sai mutum ya ɗauka ya mutu. Bai mutu ba. Muddin batir na ciki, tsakanin wannan shirun da farfela mai juyawa da ƙarfin tsiya babu komai sai maɓalli ɗaya da mariƙi ɗaya. Na sha karɓar injin da ruwa ya shiga maɓallinsa ya daskare a danne. Na karɓi wanda mai shi ya ɗaure mariƙin da salatef, wai hannunsa yana gajiya da matsewa, a intanet ya ga wani gwani ya yi haka. Wato abin da aka ƙera don ya tsayar da inji idan ka saki hannu, shi ya soke da salatef na dala biyu. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai shekara biyu yana yi bai ga komai ba. Na ce masa ba kullum ake kwana a gado ba.

A ce ma an zare batirin. Har yanzu da saura. Lokacin da dusa ta cushe, motar lantarkin da ke cikin injin tana kan juyawa ne aka shaƙe ta. Bel ɗin da ya haɗa ta da farfela ya miƙe, farfelar ta murɗu, duk wannan ƙarfin yana nan a ɗaure, dunƙulen ƙanƙara ne kawai ya tokare shi. Kamar danƙon harbi ne da aka ja ba a saki ba. Da yatsa ya ture dunƙulen, farfelar sai ta zabura. Ba sai ta yi zagaye guda ba, rubu'in zagaye ya isa ya matse yatsa da jikin ƙarfe ko roba mai tauri. Gaskiya ne manyan injunan fetur masu farfela biyu su ne suka fi yin wannan ɓarnar, ba zan ɓoye miki ba. Amma "ya fi" ba "shi kaɗai" ba ne, kuma yaron da ya saba zura hannu a ƙarami, ranar da maƙwabci ya ba shi aron babba hannun nan zai zura.

Zancen roba kuwa, ki je ki taɓa ta da kanki bayan kin cire batir. Ba robar silifa ba ce. Roba ce mai kauri da aka yi ta don ta riƙa kankare siminti tana farfasa ƙanƙara, a wasu injunan ma a jikin ƙarfe aka ɗaura ta, wasu kuma farfelar ƙarfe ce zalla. A cikin sanyi tana ƙara tauri. Abin da ke jifa da dusa ƙafa ashirin ko talatin, shi ne za a ce ba zai karya ɗan yatsan yaro ba? Duk wanda ya tashi a gida ya san mai injin markaɗe ko na niƙa da yatsunsa ba su cika ba, kuma duk labarinsu ɗaya ne: abu ya maƙale, ana sauri, aka sa hannu.

Ana kai dubban mutane asibiti kowace shekara a Amurka saboda waɗannan injuna. Likitocin tiyatar hannu sun daɗe suna faɗin irin wanda ake kawo musu: namiji baligi, hannun da yake aiki da shi, yawanci yatsan tsakiya saboda shi ya fi tsawo, shi ke fara isa. Kuma ba baƙin inji ba ne, mutane ne da suka saba. Safar hannu ba ta kare komai, ƙara ɓata lamarin take yi, don farfela tana cafke ƙyallen ta ja hannun ciki. Ga sanyi ya kashe yatsu, wani ba ya ma jin zafi sai ya ciro hannu ya ga jini a kan farar dusa. Ciwon kuma ba yankan wuƙa ba ne da likita zai ɗinke cikin sauƙi. Murƙushewa ce da yagewa, ƙashi da jijiya da fata duk a dagule, shi ya sa sau da yawa ba a iya mayar da yatsan.

Abin da za ku yi idan ya toshe ba shi da wuya. A saki mariƙi. A zare batir, duka biyun idan biyu ne, a sa a aljihu ko a ajiye gefe, in akwai ɗan makullin tsaro shi ma a cire. A ƙirga goma. Sannan a sa sanda. Wasu injunan suna zuwa da tasu ta roba a maƙale a jiki, in babu, guntun sandar tsintsiyar mopa ya wadatar. Ki ɗaure ta a jikin injin da igiya, domin sandar da ke cikin gareji ba ta da amfani ga wanda ke tsaye a waje yatsunsa na ƙuna yana son ya gama ya shiga ɗaki. Ƙafa ma ba a sawa. Na ga masu shurin bakin inji da takalmi, su ma a sahu ɗaya suke.

Idan tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a kira lambar gaggawa, 911. Guntun yatsan a naɗe shi a bandeji mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, ledar a ɗora a kan ƙanƙara. Kar a tura shi tsirara cikin dusa don tana kusa, daskarewa tana lalata naman.

Shekara 14 a ganina ya yi ƙanƙanta a bar shi shi kaɗai da injin. Littattafan da ke zuwa da irin waɗannan injuna ma suna gargaɗi a kan ba yara. Idan dole sai shi, to babansa ya sa rigar sanyi ya tsaya a kansa. Tsayuwa ba ta cikin abin da likita ya hana.

Batir kuma sanyi ba ya fasa shi, rage masa ƙarfi yake yi, sai ki ga cajin da ke yin minti arba'in ya ƙare da wuri. Abin da ke lalata batirin litiyam shi ne a yi masa caji yana daskare, ƙasa da sifili. Ki ajiye shi da cajarsa cikin gida, bayan aiki a bar shi awa ɗaya ko biyu ya sha ɗumi kafin a jona. Wanda ya faɗi ya tsage, ko ya kumbura, a daina amfani da shi. Kuma kar ki sayi batirin jabu mai araha daga intanet don an rubuta ya dace da injin kamfanin EGO ko Greenworks ko Toro. Gobarar da ake jin labari, sau da yawa daga irin waɗannan take tashi.

Don rage toshewar tun farko: kar a jira dusa ta gama zuba. A fita sau biyu a kwashe inci huɗu-huɗu ya fi a fita sau ɗaya a tarar da takwas. Idan jiƙaƙƙiya ce a riƙa cin rabin faɗin baki, a tafi a hankali amma kar a tsaya cak, a fesa man silikon a cikin maƙogwaron kafin a fara. Kafin dusa ta rufe ƙasa a kwashe tabarmar bakin ƙofa, jarida, wayar fitilun ado, musamman wayar da ake jona wa mota da dare don ɗumama injinta. Wannan wayar ita na fi ciro wa mutane a naɗe a jikin farfela, kuma jone take da wutar gida. Idan harabarku tsakuwa ce ba siminti ba, injin nan bai dace da ita ba, zai riƙa harba duwatsu a gilashin mota da tagar maƙwabta.

Ga masu karatu da nasu mai waya ne: wayar ƙari ta zama ta waje, mai jure sanyi, mai kauri lamba 14 idan ba ta wuce ƙafa 50 ba, lamba 12 idan ta kai ƙafa 100, a jona a soket mai GFCI, wato wanda ke yanke wuta da kansa idan za ta ja mutum. Siririyar wayar mota ba ta ɗaukar amfiya 15. A fara daga kusa da soket ana nisa, wayar tana bayanka.

Dokar Kalgari ta ba ku awa 24 bayan dusa ta tsaya ku share hanyar ƙafa da ke gaban gida, kuma ta harabarku ba a feso ta kan titi. Ki juya maƙogwaron ya kalli ciyawar gidanku, iska tana bayanku. Idan an gama a bar injin ya yi ɗan gudu babu kaya don ya zubar da sauran dusar ciki, in ba haka ba gobe da safe za ku tarar da farfelar ta daskare a wuri ɗaya, yaron kuma abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya sa hannu ya juya ta.