Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya daga wata baiwar Allah a Azare: Likita, wata huɗu ke nan da maigidana ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, ɓarinsa na dama ya shanye. Yanzu yana iya zama, amma ko cokali ba ya riƙewa. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke sa masa riga. Zai warke kuwa?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Ciwon ba a hannun yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu, wanda shi ke juya ɓarin jiki na dama. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka mutu ba sa dawowa, amma na kusa da su sukan koyi aikin idan ana maimaita musu shi kullum. An fi ganin sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko, kuma sauƙin kan ci gaba har shekaru, sai dai a hankali.

Zan faɗa miki abin da zai yi miki nauyi: ki rage yi masa komai. Tausayi ne ke sa ki, na sani, amma hannun da aka hutar da shi sandarewa yake yi. Ki naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, ki bar shi ya kai baki da kansa ko da rabin kunun zai zube. Ki zuba wake a faifai ya riƙa tsinta yana sawa a kwano. Ki mayar masa da carbinsa hannun dama. Wajen sa riga, hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe.

Na taɓa duba wani dattijo tela da ya yi kusan sati uku yana fama da maɓalli ɗaya. Ranar da ya ɓalla shi a gabana, hannu na rawa, gumi na tsatstsafo masa, matarsa sai da ta rufe fuska da mayafi. Bai koma kan keke kamar da ba, amma yau shi ke zaune a shago yana auna mutane, yaransa na ɗinki.

Kada kowa ya ja shi ta wannan hannun idan za a tayar da shi, domin kafaɗar na iya gocewa. Idan ya zauna, a tallafe hannun da filo. Ku kuma riƙa zuwa wurin masu gashin ƙashi a asibitin tarayya da ke nan Azare, su nuna muku motsa jikin da za ku yi a gida.

Tambaya daga wani matashi a Bolari, Gombe: Mahaifiyata maganarta ta harɗe, ba ta son ganin baƙi, sai kuka. Wasu na cewa iska ce ta taɓa ta.

Amsa: Ba iska ba ce, ɗan'uwa. Hajiya ta san abin da take son faɗa, kalmar ce ke ƙin fitowa, shi ya sa take jin kunyar mutane. Ku yi mata magana a hankali, mutum ɗaya a lokaci guda, ku ba ta lokacin amsawa. Ku daina tattauna ciwonta a gabanta kamar ba ta wurin, wannan na ƙona rai ƙwarai. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan larura sukan faɗa ciwon damuwa, kuma yana da magani, don haka ka gaya wa likitanta a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ku bar mata wani aiki a gidan, ko da tsinke zogale ne ko kula da jika. Ta yi sallarta a zaune ko a kishingiɗe, addini ya yi mata rangwame. Idan tana ƙwarewa wajen shan ruwa, a zaunar da ita sosai, a ba ta abu mai kauri kamar kunu, a kuma sanar da likita.

Tambaya daga wani manomi a Kumo: Na samu sauƙi, har ina tafiya da sanda. Zan iya daina maganin hawan jini in koma na gargajiya?

Amsa: A'a, Malam, don Allah kada ka daina. Hawan jini ne babban mai jawo wannan ciwo, kuma ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kowa haɗarin sake faɗuwa. Ka riƙa awo, kada ya kai 140/90. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafin. Kada ka sayi asfirin da kanka: mai toshewar jijiya yake yi wa amfani, mai fashewa kuwa ƙara masa zubar jini yake yi, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance su. Ka koya wa iyalinka cewa da zarar baki ya karkace, hannu ya saki ko magana ta harɗe, asibiti za a nufa nan take, ba tare da ɗura maka ruwa ko fura ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Wunti, Bauchi: Yaushe zan koma kasuwa?

Amsa: Da zarar kana iya zama awa biyu ba jiri, fara leƙawa da safe kafin rana ta take, ka zauna kan lissafi, yaro ya yi ɗauke-ɗauke. Tuƙin mota ko babur kuwa ka dakata sai likita ya gwada ganinka da ƙarfin hannunka, domin ciwon kan rage gani ta gefe ɗaya ba tare da mutum ya lura ba.